Injin da Aka Ɗaura a Mazaunin Yaya

Duk layin nan babu mai kiransa da sunan da aka raɗa masa. Dunduniya ake ce masa, yara da manya, har matarsa in ranta ya ɓaci. Masunci ne, gidansa ne na ƙarshe kafin gangaren tafki, mai ƙofar langa-langa da ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Siriri ne mai dogon wuya, in yana tafiya sai ka ce allura ya yar yake nema. Maganar da yake yi a wuni ba ta cika cokali ba.

A cikin jirgi ya samo sunan. Shekara talatin da huɗu yana fita su shi da wansa, wanda kowa ke kira Yaya. Yaya kurma ne, tun wani zazzaɓi da ya yi yana ƙarami kunnuwan suka toshe, ko garwa ka buga a ƙeyarsa ba zai waiga ba. Shi ke zama a bayan jirgi da filafili, ƙanen kuma yana tsaye a gaba da birgi, ragar nan da ake wurgawa ta buɗe kamar lema kafin ta faɗa ruwa. Mai birgi idonsa na kan ruwa, hannuwansa biyu cike da raga, babu halin juyowa ya yi nuni. Sai suka ƙirƙiro nasu yaren. Ƙanen ya buga dunduniya a katakon jirgi sau ɗaya, dama ke nan. Sau biyu, hagu. Ya ja tafin ƙafa ƙiii, a tsaya. Katako ya kai saƙo har inda Yaya ke zaune, Yaya ya karkata jirgi. Tela, maƙwabcinsu na jikin katanga, wanda bakinsa ya fi kekensa gudu, yakan ce shi dai a duniya bai taɓa ganin mai ji da ɗuwawu ba sai Yaya.

Yaya ya rasu wata Talata da hantsi, yana zaune yana ɗinkin raga. An wuce shi an gaishe shi ya fi sau goma bai amsa ba, kuma ba wanda ya damu, tunda dama can ba amsawa yake yi ba. Sai da akuya ta zo tana taunar ragar a cinyarsa bai kore ta ba, sannan aka gane.

Dunduniya bai yi kuka ba. Ba dauriya ba ce, abin ne kawai bai zo ba. Ya jira shi kwana uku, ya jira mako, shiru. Yana cin abinci, sai dai da tuwon jiya da takarda duk ɗanɗano ɗaya ne a bakinsa. Yana amsa gaisuwa. Duk abin da aka ce masa sai ya ce, "To." A ce masa ruwa ya ƙaru, to. A ce masa rigarsa a bai-bai take, to, kuma ba zai juya ta ba.

Ya koma ruwa shi kaɗai, abin ya ƙi. Kafin ya ajiye filafili a baya, ya tsallaka zuwa gaba, ya naɗa birgi a kafaɗa, iska ta juya masa jirgi, kifi ya yi sallama. Ga kafaɗar hagu da ta soma ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Ya gwada mutum biyu a bayan jirgin. Na farko bai iya rufe baki ba, tun daga gaɓa har tsakiyar tafki yana ba da labarin surukarsa. Na biyu kuwa duk sa'ad da Dunduniya ya buga ƙafa sai ya ajiye filafili ya ce, "Lafiya, Malam? Cinnaka ne?"

Babbar 'yarsa ma'aikaciyar asibiti ce a birni, tafiyar wuni guda, kowa Nas yake ce mata. Ta zo, ta danna kafaɗar da yatsa biyu, ta leƙa kwandunan kifi ta tarar gizo-gizo ya yi gida a ciki, ta ce ya isa haka. Ƙarshen wata za ta koma gida mai ɗaki uku, na bayan nasu ne. Jirgin kuma akwai wani mai ɗiban yashi da ya daɗe yana so.

Dunduniya ya ce, "To."

Matarsa ce ta ce ba to ba. Ita ke soya kifin da yake kamowa a ƙofar gida, kuma duk labarin da ke layin ta gaban kaskonta yake bi, shi ya sa ake kiranta Gwaggo Rediyo. Ta ce, "Ni? In je in hau bene in zauna kamar tantabara, ina leƙen mutane ta taga? Wa na sani a can? Wa zan zaga?" Ta ce wani direba mai sayen kifi a wurinta ya ba ta labarin ƙaramin injin jirgi mai aiki da batir, ba hayaƙi, ba ƙara, ba ya korar kifi. A sayo shi a gwada.

Uwa da 'ya suka yi ta kai-komo har man kasko ya huce. A ƙarshe Nas ta ce ta yarda, amma gwaji ɗaya ne. Ranar ƙarshen wata za ta zo da mota. In ta tarar Baba yana fita, yana kamowa, yana dawowa da ƙafarsa, shi ke nan. In ba haka ba, a ɗaure kaya. "Ba na so a buga mini waya a ce an tsamo hularsa."

Su uku suka je shagon Mai Batir a bakin kasuwa: Dunduniya, Gwaggo Rediyo, da Tela wanda ba wanda ya gayyata. Shagon ɗan tsukuku ne, batura jere har rufi, warin ruwan batir na shiga hanci. Injinan uku ne jingine a bango, kowanne kamar sandar tsoho: mariƙi a sama, doguwar sanda, sai ɗan kan ƙarfe mai farfela a ƙasa.

Tela ya nuna mafi girma. "Wannan za a ɗauka. In za ka yi abu, yi shi da girma."

Mai Batir ya ce, "Jirgin nasa kamu nawa ne?"

Aka dubi Dunduniya. Ya ce, "Goma sha biyu."

"To wannan batir biyu yake ci. In ka ɗora masa su, jirgin zai zauna, ku kuma ku yi iyo. Ɗauki ƙaramin, batir ɗaya ya ishe shi. Amma ba batirin mota ba, na mota tashi ɗaya ya iya, sai ya kwanta. Irin na sola za ka saya, mai jan numfashi a hankali."

Gwaggo Rediyo ta ce, "Kamar maigidan ke nan."

Mai Batir ya tambayi tsawon da ke tsakanin bakin jirgi da ruwa. Dunduniya ya laluba aljihu ya ciro wata igiya mai ƙulli biyu, ya miƙa. Ashe ya auno da safe bai gaya wa kowa ba. Mai Batir ya gwada ta a jikin sandar injin, ya ce ta yi. Ya ce farfela ta nutse kamu ɗaya a ƙarƙashin ruwa: in ta yi sama za ta riƙa kumfa tana ihu, in ta yi ƙasa da yawa za ta yi ta cin ciyawa. Ja da ja, baƙi da baƙi, kada a haɗa waya a bai-bai. Murɗa mariƙi nan, gaba, lamba ɗaya zuwa biyar. Murɗa can, baya. "Kada ka zauna a biyar, Baba, shanye batir take yi kamar ɗan maraƙi. Biyu ko uku. In ka dawo kuma ka jona caji, kada ka bari ya mutu murus."

Dunduniya ya ɗaga injin da hannu ɗaya, ya jinjina. Ya ce, "Ba nauyi."

Mai Batir ya ce, "Ai abin so ke nan."

Dunduniya ya ajiye injin. Shi dai ya san bayan jirginsa ya saba da nauyin mutum mai ƙiba.

Bayan jirgin tsini ne, babu inda za a maƙala inji, don haka mai walda ya yi ƙarfe mai kunne biyu aka gicciya katako a kai. Da aka ɗaure injin, sai ga shi ya tsaya daidai inda Yaya ke zama, kansa a ɗan karkace. Batir aka sa a tsakiya cikin akwatin roba. Tela ya ja da baya ya ƙare masa kallo, ya ce, "Yaya ya dawo, wannan karon da waya a gindi."

Ba wanda ya yi dariya. Gwaggo Rediyo ta harare shi har sai da ya tuna ya bar ɗinki a gida. Dunduniya kuwa igiya yake naɗewa, ko ya ji ko bai ji ba, Allah masani.

A gaskiya injin bai yi ƙarya ba. Ka murɗa, jirgi ya zame kamar an shafa wa ruwa mai. Ƙararsa ba ta fi ta sauro ba. Dunduniya yakan wuce balbela a kan kututture ba ta tashi ba. Wurin da da sai ya yi gumi kafin ya kai, yanzu yana isa rigarsa a bushe, kafaɗar ma ta yi shiru. Mutanen gaɓa suka yi ta sa albarka. Shi kuwa yana zaune riƙe da mariƙi kamar wanda aka ba ajiyar sanda.

Sai dai zuwa ba shi ne kamu ba. In ya isa, ya kashe inji ya tsallaka gaba, iska ta juya jirgi kamar da. Birgi kuwa yana son jirgi na tafiya a hankali, yana bin kifi, har mai jifa ya ga daidai. Kwana uku yana dawowa da abin da ko kyanwar gida ta raina.

Rana ta huɗu ya yi dabara. Da rana ta ɗan ɗaga, ya isa bakin ciyawar da kifi ke kiwo, ya sa injin a lamba ɗaya, ya ɗaure mariƙin da igiya ya miƙe sak, ya tsallaka gaba. Jirgi na tafiya shi kaɗai, sannu sannu, irin tafiyar da ya sani. Ya zura igiyar birgi a wuyan hannunsa, ya naɗa ragar a kafaɗa, ya kafa ƙafafu. Iska na shafar fuskarsa. Babu magana a bayansa, kuma dama can ba a magana a bayansa. Ruwa ya yi 'yan ƙuraje ta hagu, garken kifi guda, bayansu na walƙiya.

Ya buga dunduniya sau biyu.

Jirgi ya ci gaba da tafiya sak.

Ya sake bugawa, da ƙarfi, irin bugun da yake yi in Yaya ya tafi tunani. Jikinsa ya riga ya karkata yana jiran juyin da zai zo, hannu kuma ya riga ya saki. Birgi ya buɗe, ya faɗi gaban jirgi maimakon gefe, jirgi ya bi ta kansa. Ya ja tafin ƙafa ƙiii. Ba a tsaya ba. Farfela ta cafki raga ta soma naɗewa, igiyar ta fizgi hannunsa, ya faɗi rigingine, aka ja shi a cikin jirginsa kamar buhu, haƙarƙarinsa ya daki akwatin batir. Injin ya yi gurnani, wani abu ya yi ɗas, komai ya tsaya.

Ya daɗe kwance yana kallon sama. Wani tsuntsu ya wuce. Ya jira ko tsoro zai zo, ko haushi, ko kukan nan da ya ƙi zuwa. Babu wanda ya zo. Abin da ya lura da shi kawai, katakon da ke kusa da kunnensa yana son kwalta.

Ya tashi ya ɗago injin, ya ciro wuƙa. Ragar ta shige farfela ta yi dunƙule kamar kitson da aka manta wata uku. Ya yi ta yanka zare ɗaya ɗaya har rana ta take tsaka, sannan ya ɗauki filafili ya tuƙo gida da hannu ɗaya, jirgi na tafiyar maye. Duk gaɓar ta gan shi. Tela ya buɗe baki, ya ga wuyan hannun da igiya ta saɓule, ya mayar ya rufe.

Mai Batir ya zo ya duba, ya ce inji lafiya lau, fiyus ne ya ƙone, shi ya ceci waya. Ya ce, "Baba, abin nan ba ya gani, ba ya ji. Hannu yake so a kansa kullum. Wa ya ce ka ɗaure shi?"

Bayan ya tafi, Gwaggo Rediyo ta zauna tana shafa wa hannun magani. Ta ce, "Wai me ya faru ne? Kai da ko santsi bai taɓa kayar da kai a jirgi ba."

Ya ce, "Na buga. Bai juya ba."

Ta tsaya da audugar a hannu. Masu sayen kifi biyu suka yi sallama a ƙofa, ba ta amsa ba. Mutanen layin sun ce ranar ce kaɗai aka taɓa ɗauke wuta a gidan rediyon nan.

Saura kwana biyar wata ya ƙare. Dunduniya ya ciro kwalaye daga ƙarƙashin gado ya soma zuba tsofaffin takalma. Washegari da safe ya gangara don ya kwance injin, sai ya tarar da matarsa zaune a bayan jirgi, ta ci ɗamara, ta ɗaura jarkar mai babu komai a ƙugu da igiyar shanya don kada ta nutse. Matar da shekara talatin tana bakin tafki ko idon sawunta bai taɓa shiga ba.

Ya ce, "Sauko."

"Ban sauka. Filafili ne ban iya ba, wannan kuwa ko murɗa famfo ya fi shi wuya. Je ka gaba ka buga, ina ji."

"Ba ki san bugun ba."

"Ni? Shekara talatin ina kwana kusa da ƙafar nan. Kana barci kana tuƙa gado. Ɗaya dama, biyu hagu, in ka ja ƙafa ka yaye mini bargo, an tsaya. Ɗauko ɗayan birgin, Malam, rana na yi."

Ya tsaya yana kallon jarkar. Sannan ya koma gida ya ɗauko birgin.

Ranar farko abin kallo ne. Ba wanda ya gaya mata in kana son jirgi ya yi dama, hagu kake tura mariƙi. Ya buga ɗaya, ta tura dama, jirgi ya yi hagu. Ya sake bugawa, ta ƙara turawa. Suka yi ta zagaye wuri ɗaya kamar kaza mai ciwon kai, ita tana salati tana zagin injin da wanda ya ƙera shi. Tela na tsaye a gaɓa da almakashi a hannu yana ihu, "Gwaggo, ɗayan daman! Ɗayan!"

Rana ta biyu hannunta ya gane. Bakin ne ya rage. Ta ga kifi ta ce, "Ga su can, ga su can!" kifi ya ji ya gode ya tafi. Dunduniya bai juyo ba, ya ja tafin ƙafa ƙiii. Ta kashe inji, ta kashe baki tare. Daga nan suka gane jan ƙafa ɗaya na iya kashe abu biyu. Ba ta kai Yaya ba, ba ta ma kusa ba: tana makara, tana wuce wuri, in jirgi ya girgiza ta saki mariƙi ta rungumi jarka. Amma in aka buga, ana juyawa.

Ranar ƙarshen wata Nas ta iso da hantsi a motar ɗaukar kaya, tun jiya suka taso. Ta tarar da ƙofa a ɗage, kasko a kife. Tela ya leƙo ta tagarsa ya nuna mata tafki da baki. Ta gangara da takalmanta masu tsini, ta tsaya ta kare rana da hannu. Can nesa ga ubanta tsaye a gaba, ga wani abu mai ɗankwali a baya. Ta ga raga ta buɗe ta faɗi. Ta ga an jawo ta a hankali.

Da suka iso gaɓa, kifin bai rufe gindin kwando ba sosai, amma kifi ne, yana motsi. Nas ba ta ko dube shi ba.

"Inna! Na ce ba na son mutum ɗaya ya nutse, sai kuka mayar da shi biyu? Mene ne wannan a ƙugunki?"

"Jarka ce, ba ki gani? Kin ce ya fita, ya fita. Kin ce ya kamo, ga shi. Kin ce ya dawo da ƙafarsa, ƙirga, biyu ne. Ba ki ce shi kaɗai ba."

"Hannunsa fa? Me ya sami hannunsa?"

"Tsohon labari ne, ya kwana biyar."

Nas ta juya ga ubanta. Yana tsugune yana kwance wayoyin batir, baƙi tukuna, sannan ja. Ta rage murya. "Baba, ka bar Inna. Kai me kake so? Ga mota can. In ka ce mu tafi, yanzu za a loda."

Ya laluba cikinsa da gaske, kamar mai laluben aljihu. Bai sami so ba, bai sami ƙi ba, wurin fayau yake kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Ya dubi ruwa. Ya ce, "Gobe iska za ta kwanta da safe. Kifi zai hau bakin ciyawa."

Nas ta share hanci da bayan hannu, ta ce jibi za ta aiko da rigunan ruwa guda biyu, masu launin ruwan lemon nan da ke hana nutsewa, kuma duk ranar da ta ji an fita babu su, da kanta za ta zo ta fasa jirgin da gatari. Inna ta ce launin ruwan lemo ba ya karɓarta. Nas ta ce ko ya karɓe ta ko kada ya karɓa.

Direban ya gaji da jira, ya gangaro yana kaɗa makulli, ya tambaya ina kayan da za a ɗora. Gwaggo Rediyo ta yunƙura za ta tashi, ƙafafun suka ƙi, sai da 'yarta ta kama ta. Daga nan inda take ta zaɓi kifi uku masu dama-dama ta zuba masa a leda, ta ce ya kai wa iyali. Motar ta juya a ƙarshen layi da kyar, ta tafi bayanta na ƙara, babu komai a ciki.